Takardar Shaidar Malanta ta Hanyar Waya: Wa Ya Ba Da Ita, Wa Zai Karɓe Ta?

Akwai wata mas'ala da ta yawaita a bakin samarin malamai a Panshekara da unguwannin da ke kewaye da ita, tun daga Kumbotso har zuwa Sharaɗa, ita ce mas'alar neman takardar shaidar malanta ta hanyar intanet. Watau mutum yana zaune a ɗakinsa, da wayarsa a hannu, darasi ya zo masa daga Kaduna ko Zariya ko Abuja ko wata ƙasa ta ƙetare, ya karanta, ya rubuta jarrabawa, bayan 'yan shekaru a miƙo masa takarda mai hatimi, a ce ya zama malami a idon hukuma. Waɗansu dattawa suna ganin abin wasan yara ne, waɗansu samari kuwa suna ganin wata ƙofa ce Allah ya buɗe musu. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma kuɗin da ake zubawa a ciki da shekarun da ake kashewa sun isa a zauna a yi wa al'amarin duban tsanaki.

Dalilin da ya sa maganar ta fi zafi a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Panshekara gari ne na ma'aikata. Mutanenta da yawa abincinsu yana rataye da masana'antun Chalawa da Sharaɗa, waɗansu ma har Bompai suke tafiya, a kamfanonin jimar fatu da na roba da na kayan abinci. Masaƙun da suka ɗauki dubban mutane a da galibinsu sun rufe, waɗanda suka rage kuwa aikinsu na karɓa-karɓa ne, wannan mako safe, wancan mako dare. A cikin waɗannan ma'aikata akwai gardawa da suka sauke Alƙur'ani, har da waɗanda suka haddace shi, suka taɓa Ahalari da Ishmawi da Iziyya, waɗansu suka kai Risala. Da rana suna bakin inji, bayan Magariba kuwa su ne malaman makarantun Islamiyya na unguwa. Irin wannan mutum ba shi da ikon ajiye aiki shekara uku ya koma aji, gama akwai iyali, akwai kuɗin haya. In aka ce masa ga karatu da zai same shi har gida, dole ya saurara.

To, me ya sa takardar ta zama tilas, alhali kuwa kakanni sun karantar ba tare da ita ba? Amsa ita ce dokar ƙasa ta sauya. Tsarin ilimi na Nijeriya ya yanke cewa takardar NCE, watau shaidar kammala kwalejin horon malamai, ita ce mafi ƙanƙantar shaida da za a shiga aji da ita, tsohuwar takardar malanta mai daraja ta biyu kuwa, wadda iyaye da yawa suka yi aiki da ita har suka yi ritaya, an daina ɗaukar sababbin malamai da ita. A 1993 aka kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda ake kira TRCN, aka ba ta ikon rubuta sunan kowane malami da ba shi lasisi. Tun 2017 kuma ba ta rubuta sunan mutum sai ya ci wata jarrabawa tata da ake yi a kan kwamfuta. Ta kasa malamai kashi huɗu bisa ga zurfin karatunsu, masu NCE su ne kashi na huɗu, masu digiri na farko na uku, haka har sama. An taɓa sa ranar ƙarshe ta Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da duk wanda ba shi da rajista daga aji. Wa'adin ya zo ya wuce ba a kori kowa da kowa ba, domin in an kore su babu masu maye gurbinsu, amma fa duk lokacin da gwamnati ta buɗe ɗaukar malamai, takardar ce abin da ake fara tambaya a bakin ƙofa. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a maƙwabta ba, sa'ad da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta gwada malaman firamare na Kaduna wajen 33,000 a 2017, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. A nan Kano kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024, aka shiga gyaran azuzuwa da ɗaukar malamai. Gardin da ba shi da takarda yana ji yana gani ƙaninsa da ya koya wa baƙi da wasali ya sami aiki, shi kuwa ko fom ba a ba shi ba.

Sai a dubi asalin mas'alar ta fuskar da malamai suka saba duban abubuwa. Shin ɗaukar ilimi daga nesa, ba tare da an durƙusa gaban malami ba, baƙon abu ne a Musulunci? Wanda ya leƙa ilimin hadisi ya san ba baƙo ba ne. Malaman wannan fanni, irin su Alƙali Iyad mai littafin Ashafa, wanda ya yi wani littafi dabam mai suna Al-Ilma'u a kan wannan batu, da Ibnu Salah a bayansa, sun ƙidaya hanyoyi takwas na karɓar ruwaya. Mafi ɗaukaka ita ce ɗalibi ya ji daga bakin malami, sa'an nan ya karanta malami yana saurare, sa'an nan ijaza, da miƙa littafi hannu da hannu. A cikin hanyoyin nan akwai wadda suka kira mukataba, watau malami ya rubuta ilimi ya aika wa ɗalibin da ke wani gari, kuma mafi yawansu sun yarda da ita. A can ƙarshe kuma akwai wijada, watau mutum ya tsinci rubutu a takarda ba tare da ya ji shi daga mai shi ba, ba kuwa izini, ita ce mafi rauni, mai ita ba shi da halin cewa wane ya ba ni labari, sai dai ya ce na samu a rubuce. A ƙasar nan ma wasiƙa ta ɗauki ilimi tun da daɗewa. Shehu Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a 1505, ya rubuto wa sarakunan Tukururu nasiha, har da na Katsina da na Agadas, ya kuma amsa tambayoyin da aka aika masa daga wannan yanki, bai kuwa taka ƙasar Hausa don haka ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajis da ke zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su kai wa matan da ba su da ikon fitowa. Wannan ai karatu daga nesa ne, ƙafar jaji ce ta yi aikin da waya take yi yau.

Amma malaman hadisi ba su bar mukataba sakaka ba. Sun sa mata sharaɗi, shi ne wanda aka aiko wa ya san rubutun hannun wanda ya aiko, ya tabbata daga gare shi ne. Waɗansu ma suka tsananta, suka ce rubutu yana kama da rubutu, sai an sami shaidu. A nan ne dukan maganar take. Takardar da ta zo ta intanet, in an san makarantar da ta aiko ta, kuma akwai hukumar da ta tsaya mata shaida, hukuncinta hukuncin mukataba ne. In kuwa ba a san kowa a bayanta ba, sai suna mai daɗi da hoton gini, to ko darajar wijada ba ta kai ba, domin mai wijada aƙalla ya tsinci rubutun malami na gaske.

Ta wajen boko ma abin yana da tarihi. Zamanin Turawa, kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan ƙasar nan da yawa ta gidan waya suka yi karatu, darussa suna zuwa musu daga makarantun wasiƙa na Ingila irin su Wolsey Hall, su zauna jarrabawar Jami'ar Landan a nan gida. Alvan Ikoku, wanda hotonsa yake kan takardar naira goma, ta wannan hanya ya sami digirinsa a 1928, ba kuwa wanda ya raina takardar, domin kowa ya san hatimin Landan. Da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a Satumba 1976, yara suka cika azuzuwa, malamai suka yi ƙaranci, har aka ɗebo waɗanda ba su da horo. Don gyara wannan ne aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar, wadda aka sani da NTI, dokarta ta fito a 1978, aikinta shi ne ta horar da malami yana kan aikinsa, ta hanyar littattafan da ake raba masa da haɗuwa a cibiya a ƙarshen mako da lokacin hutu. A 1990 ta fara ba da NCE ta wannan hanya. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa kuwa, NOUN, an kafa ta zamanin Alhaji Shehu Shagari a 1983, soja suka dakatar da ita a 1984, ba ta dawo ba sai 2002, kuma tana da cibiyar karatu a Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ita ma tana da cibiyarta ta karatu daga nesa a Zariya, darussanta ta intanet suke tafiya. A 2023 kuma an ba waɗansu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, kamar Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Su wa ke sanin rubutun hannu a wannan zamani? Hukumomi biyu ne. Duk abin da ya shafi digiri, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce, NUC. Duk abin da ya shafi NCE, Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ce, NCCE, wadda aka kafa a 1989. Kowace tana da jerin makarantun da ta yarda da su, NUC har tana fitar da jerin haramtattun jami'o'i lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Amincewa da makaranta dabam, amincewa da fannin da take koyarwa dabam, amincewa da ta koyar da shi daga nesa kuma dabam. Jami'a tana iya zama halastacciya, amma ba a ba ta izinin buɗe reshe a wani shago na bayan gari ba, ba a kuma ba ta izinin koyar da malanta ta waya ba. Kamar dai malamin da ke da ijaza a nahawu, ba ya ba da ijaza a ƙira'a don kawai sunansa malam.

Wanda yake ganin wannan tsanantawa ce, ya tuna da abin Kwatano. A ƙarshen Disamba 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian, Umar Audu, ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida, bai shiga aji ko sau ɗaya ba, har ya shiga bautar ƙasa da takardar. Kwana kaɗan bayan haka, a farkon Janairu 2024, Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun jabu fiye da 22,000 daga ƙasashen biyu, ya ce jami'o'i takwas kaɗai aka yarda da su a can. A cikin waɗanda abin ya shafa akwai masu ha'inci da suka san abin da suka saya, akwai kuma bayin Allah da iyayensu suka sayar da gona ko fili, suka yi imani da dillali, suka wayi gari da takardar da ba ta da amfani ko na ƙunshe ƙosai.

'Yan kasuwa sun fi kowa saurin gane wannan. Ɗan Kantin Kwari ba ya sayen dila don kyan tambarin da ke jikinta, sai ya san masaƙar da ta fito, ya kuma san wanda zai saya daga hannunsa. Mai fatu ba ya tara kaya sai ya san irin wadda majema a Chalawa suke karɓa da wadda suke mayarwa. Takardar malanta ma haja ce mai masaya ƙididdigaggu: hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ke ɗaukar malaman firamare, da hukumar makarantun sakandare, da TRCN mai ba da lasisi, da jami'ar da mutum zai so ya ƙaro karatu a cikinta nan gaba. Kafin a biya ko kwabo, kamata ya yi a fara daga wurin masayi. A tafi ofishin TRCN na jiha da sunan makarantar da sunan fannin a rubuce, a tambaya ko mai wannan takarda zai zauna jarrabawarsu. Kuɗin mota daga Panshekara zuwa cikin gari bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da za a yi hasara ba in an yi kuskure. Abin mamaki, mutumin da zai yi kwana uku yana ciniki a kan babur na hannu, shi ne zai tura kuɗin shekara ga makarantar da bai san ko da sunan shugabanta ba, don kawai an turo masa talla a WhatsApp da hoton wani sanye da hular kammala karatu.

Dillalan kuwa suna da alamomi. Suna gaggauta mutum, su ce gobe za a rufe. Suna alkawarin gajeren lokaci, su ce abin da ake yi shekara uku ko huɗu za a gama shi cikin wata tara. Suna ba da lambar asusun banki mai sunan mutum ɗaya, alhali makarantun Gwamnatin Tarayya, tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015, ta hanyar Remita ake biyansu, a fito da lambar biya mai sunan makaranta. Mafi girman alama ita ce su ce ba sai an nuna sakamakon sakandare ba, ko ba sai an zo jarrabawa ba, za a rubuta wa mutum. Duk makarantar da ta yarda ta sayar wa wani takarda ba karatu, ta riga ta zubar da darajar takardun dukan ɗalibanta, har da waɗanda suka yi karatun da gaske.

Sa'an nan ba kowa ne ƙofa ɗaya za ta karɓa ba, wannan kuwa shi ne inda ake yawan ɓata shekaru. Gardin da bai taɓa shiga makarantar boko ba, ko ya tsaya a firamare, ba shi da hanyar tsallakawa zuwa NCE kai tsaye, ko ta waya ko ta aji, sai ya fara samun sakamakon kammala sakandare. A nan akwai sauƙin da mutane da yawa ba su cin moriyarsa. Hukumar Nazarin Larabci da Addinin Musulunci ta Ƙasa, NBAIS, wadda asalinta yake komawa zamanin Sardauna a 1960, kuma ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana shirya jarrabawar kammala sakandare wadda Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da ita a 2011. Mai Larabci da Alƙur'ani da fiƙihu ya riga ya yi rabin tafiya a wannan jarrabawa, abin da zai sha wuya a kai shi ne Turanci da lissafi. Wanda yake da sakamakon sakandare, NCE ce a gabansa, ko digirin ilimi. Wanda kuwa ya riga ya yi digiri a wani fanni da ba na koyarwa ba, kamar shari'a ko Larabci zalla, abin da yake bukata shi ne difloma ta koyarwa ta bayan digiri, wadda ake kira PGDE, ita ce ta fi dacewa da karatu daga nesa, domin gajeriya ce, mai yin ta kuma ya riga ya saba da karatu shi kaɗai. Waɗanda suka yi karatu a Azhar ko Madina ko Sudan, ko a wata jami'ar Musulunci ta intanet da ke wata ƙasa, akwai mataki guda a gabansu kafin wannan, shi ne kai takardar Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a tantance ta. Ilimin da aka samu a irin waɗannan wurare yana iya zama mai albarka ƙwarai, amma albarkar ilimi da karɓuwar takarda a ofis mas'aloli biyu ne, kada a cakuɗa su.

Akwai kuma abin da waya ba ta iya ɗauka. Malaman Alƙur'ani sun san cewa tajwidi daga baki zuwa baki ake karɓarsa, ba a koyon mafitar harafi daga littafi, shi ya sa alaramma yake sa kunne yana gyara wa almajiri har harshensa ya miƙe. Malanta ma tana da irin wannan ɓangare, shi ne koyarwar gwaji. Kowane shiri na gaskiya, na NTI ne ko na NOUN ko na Zariya, yana tura ɗalibi wata makaranta ya yi makonni yana koyarwa, ya rubuta shirin darasi, mai duba ya zo ya zauna a bayan aji ya ga yadda yake riƙe yara, ya ba shi maki. Jarrabawar NOUN ma a cibiya ake zuwa a rubuta ta, ana duba fuska da katin shaida. Saboda haka kalmar nan ta karatu a gida tana da iyaka, duk wanda ya ce wa mutum ba zai taɓa fita daga ɗakinsa ba har ya zama malami, ya faɗa masa abin da ba haka yake ba. Malamin tsangaya a nan yana da fifikon da bai san yana da shi ba. Mutumin da ya saba zama da yara hamsin, kowa da allonsa, wannan yana Sabbi wancan yana Tabara, ya san wanda ya iya da wanda yake motsa baki kawai, ya riga ya mallaki abin da ɗan shekara ashirin yake rawar jiki a kansa ranar farko a gaban aji. Abin da zai koya sabo shi ne tsara darasi a rubuce, da auna fahimta ta hanyar tambaya, da ajiye bulala, gama mai duba ba zai ba da maki a kanta ba.

Batun kuɗi kuma a yi lissafinsa duka, kada a tsaya ga kuɗin makaranta. Karatu ta intanet yana cin data, kuma a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Yana cin wuta, alhali unguwannin ma'aikata ba su samun irin wutar da layukan masana'antu suke samu, waɗanda aka sa a rukuni na farko kuwa an ɗaga musu kuɗin awo ɗaya zuwa naira 225 a Afrilu 2024. Yana bukatar waya mai kyau, kuma karanta littafi mai shafi ɗari biyu a fuskar waya azaba ce ga ido, galibi sai an kai an buga a takarda, wannan ma kuɗi ne. Ga kuɗin rajistar kowane zango, da na jarrabawa, da na motar zuwa cibiya, wadda ta yi tsada tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023. Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kano an sa shi naira 71,000 a 2024, malamin Islamiyya na unguwa kuwa sau da yawa abin da ake ba shi bai kusanci wannan ba. Bayan kuɗi akwai harshe. Darussan koyarwa da Turanci suke zuwa, ko da fannin mutum Larabci ne ko Hausa, jarrabawar TRCN ma haka, a kan kwamfuta kuma. Dattijon da ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya yi satu har sau uku, yana iya faɗuwa don bai saba da matsa linzami ba. Wata biyu a shagon koyon kwamfuta kafin a fara ya fi a biya kuɗin jarrabawa sau biyu.

Kada kuma sha'awar sabon abu ta sa a manta da na kusa. Makarantar horon malamai ta Sa'adatu Rimi a nan Kumbotso take, ƙaramar hukuma ɗaya da Panshekara. Kwalejin Aminu Kano ta nazarin shari'a da addinin Musulunci tana cikin gari, ta daɗe tana karɓar 'yan makarantun Larabci. Ga Jami'ar Bayero. Wanda aikinsa ya ba shi sarari a ƙarshen mako, ya tambayi shirye-shiryen wucin gadi na irin waɗannan wurare kafin ya yanke shawara, domin zama da abokan karatu yana riƙe mutum, karatun kaɗaici kuwa masu farawa suna da yawa, masu gamawa kaɗan ne. Inda hanyar waya ta fi kowace amfani shi ne wajen matan aure da ke koyarwa a Islamiyyun mata, masu goyo da hidimar gida, da ma'aikacin da makonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Duk da haka akwai laifin da ba na ɗalibi ba ne, ba kuma na dillali ba. Tun da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da 'yan'uwansa sarakuna suka sa aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, aka nuna cewa ana iya ɗaukar malamin zaure a ba shi takardar da hukuma ta sani, ba tare da an raina abin da ya zo da shi ba. Shehu Abubakar Mahmud Gumi ta nan ya bi. Amma har yau mahaddacin da ya kwashe shekara goma sha biyar a tsangaya, a ma'aunin aikin gwamnati daidai yake da wanda bai taɓa karatu ba. Ana gasar karatun Alƙur'ani ta ƙasa tun 1986 ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana ba da motoci da kujerun Makka, sa'an nan a ce wa wanda ya koyar da gwarzon bai cancanci shiga aji ba. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina makarantun almajirai 157, ta fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawa suka lalace, kuma cikin dalilan akwai cewa an gina ɗakuna ba a shirya wa alarammomi matsayi a cikinsu ba. A Mayu 2023 an sa hannu a dokar kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. In hukumar nan tana neman aikin da zai daɗe, ta zauna da NBAIS da NCCE da NTI a tsara gajeriyar hanya, wadda za ta auna haddar alaramma da karatunsa na littattafai a ba su maki, a koya masa dabarun koyarwa da Hausa da Larabci, a ƙara masa Turanci gwargwadon bukata. NTI an kafa ta ne tun farko don malamin da aka tarar a aji ba shi da horo, malamin allo kuwa an tarar da shi a aji tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa a 1909.

Attajiran da suke gina Islamiyyu a Panshekara da Sharaɗa su ma maganar ta shafe su, domin makarantar da take son rajistar gwamnati, ko take son ɗalibanta su zauna jarrabawar ƙasa, za a tambaye ta takardun malamanta. Ɗaukar nauyin malami biyu su yi NCE bai kai kuɗin ƙara bene ɗaya ba. Wanda ya yi niyyar haka ya biya makarantar da kansa, zango bayan zango, ya karɓi rasit, ya nemi a nuna masa sakamakon kowane zango kafin ya biya na gaba. Ya kuma sani tun farko cewa akwai makonnin da malamin zai bar ajinsa ya tafi koyarwar gwaji a wata makaranta, a shirya wanda zai riƙe masa yara. Ma'aikacin kamfani shi ma ya nemi jadawalin jarrabawa da na koyarwar gwaji tun ranar da ya karɓi takardar shiga, ya kai wa shugaban sashensa a daidaita masa hutunsa na shekara da su, gama makarantun firamare da safe suke zama, injin Chalawa kuwa ba ya tsayawa don wani yana da darasi.